Katun da kuɗin goro: abin da ɗan firamare ke koya game da mace da namiji

Ga wani gwaji mai araha da kowane malamin firamare zai iya yi gobe da safe. Ya ɗauki alli ya zana kan kyanwa guda biyu a jikin allo, iri ɗaya sak, da kunnuwa da idanu da gashin baki. Sai ya ƙara wa ɗaya zara-zaran gashin ido uku-uku, ya ɗaura mata ɗan ƙyalle a ka, ya juyo ya tambayi 'yan aji uku wace ce macen. Kafin ya rufe baki hannuwa sun tashi, kowa na "Malam ni! Malam ni!" Babu wanda zai faɗi wannan jarrabawa. Tambaya ta biyu ce za ta sa ajin ya yi tsit: to shi ɗayan, me na ƙara masa da ya zama namiji? Ba a ƙara masa komai ba. Yaran sun riga sun haddace wata ƙa'ida da ba wanda ya taɓa rubuta musu a allo, wato zane in an bar shi yadda yake namiji ne, mace kuwa sai an yi wa namijin kwalliya. Haka aka yi ɓerayen nan biyu na kamfanin Disney tun 1928: Minnie ai Mickey ne aka ƙara wa gashin ido da siket da takalmi mai tsini.

Abin da masana ke magana a kai ke nan idan suna batun hoton mace da namiji a fina-finan katun, kuma Hausa na da sunansa tun tuni: kuɗin goro. A ɗauki hali guda a yafa wa jama'a gaba ɗaya, a ce duk mace matsoraciya ce, duk namiji jarumi ne, duk kishiyar uwa muguwa ce. Kowace hanyar ba da labari tana yin haka, amma katun ya fi sauran saboda yadda ake ƙera shi. A fim na mutane, jarumi yana zuwa da fuskarsa da tsayinsa da tumbinsa, darakta sai dai ya yi haƙuri da abin da Allah ya halitta. A katun babu layi ɗaya da ya faɗo da kansa. Faɗin ƙugu, girman ido, kaurin murya, wanda ke tuƙa mota da wanda ke zaune a gefe, duk wani ne ya zauna ya yanke shawara. Kuma mai zanen yana sauri ne, yana so yaro ɗan shekara huɗu ya gane wane ne wane cikin ƙiftawar ido, don haka yakan ɗauki alamar da kowa ya riga ya saba da ita. Yawancin abin ba mugun nufi ba ne, gajeriyar hanya ce. Sai dai hanyar da aka bi shekara casa'in da ɗoriya ta zama titi.

Misalin da aka fi nazari a kai shi ne jerin fina-finan 'ya'yan sarauta na Disney, kuma a nan akwai abin mamaki. Ukun farko, Snow White na 1937 da Cinderella na 1950 da Sleeping Beauty na 1959, su aka fi zarga: yarinya kyakkyawa mai haƙuri, tana shara tana waƙa, muguwar mace ta sako ta a gaba, ɗan sarki ya zo ya cece ta. A na ukun, yarinyar da aka yi fim ɗin dominta ba ta wuce kimanin minti 18 a allo ba, sauran lokacin barci take ko kuma ana maganarta. Daga 1989 kamfanin ya fara fito da 'yan mata masu bakin magana da taurin kai, aka ce an sami ci gaba. Sai wasu masanan harshe biyu a Amurka, Carmen Fought da Karen Eisenhauer, suka zauna suka ƙirga kalmomin da kowa ya furta, suka bayyana sakamakon a 2016. A tsofaffin fina-finan mata na magana daidai da maza ko fiye: rabi da rabi a Snow White, kashi 71 cikin 100 a Sleeping Beauty. A sababbin kuwa abin ya juye. Maza ne ke da kashi 68 na maganar The Little Mermaid, kashi 71 a Beauty and the Beast, kashi 77 a Mulan, labarin da aka gina kacokan a kan jarumtar mace. Hatta Frozen na 2013, labarin ya da ƙanwa, maza sun kwashe kashi 59.

Dalilin ya fi alƙaluman muhimmanci ga malami. Jarumar ba shiru ta yi ba (in ban da ta The Little Mermaid, 'yar cikin teku, wadda ta ba da muryarta don ta sami ƙafafun bin saurayi). Abin da ya faru shi ne an cika fina-finan da ƙananan 'yan wasa, mai shago da dogari da mai ba da dariya da abokin tafiya, kuma duk inda labari bai tilasta a sa mace ba sai hannun mai zane ya tafi ga namiji. Gwajin kyanwar nan ne dai a babban allo. Wata marubuciya, Katha Pollitt, ta lura da wannan tun 1991 ta ba shi suna daga katun ɗin Smurfs, ƙauyen shuɗɗan halittu kusan ɗari inda kowane namiji ke da halinsa, wannan mai wayo, wancan malalaci, wancan mai fushi, sai mace guda wadda halinta shi ne kasancewarta mace. Wanda yake ganin wannan tsohon zance ne ya duba Paw Patrol, wanda yaranmu ke kallo a waya yau: da aka fara shi a 2013, 'yan kwikwiyo shida ne, biyar maza, mace ɗaya, an kuma sa mata ruwan hoda.

Akwai kuma kasuwa, wadda ba kasafai ake kawo ta cikin lissafi ba. Haɗa gimbiyoyin Disney wuri guda a matsayin haja ɗaya ya fara ne wajen shekarar 2000, lokacin da wani jami'in Disney mai suna Andy Mooney ya ga ƙananan yara mata sun zo kallon wasa sanye da rigunan gimbiya ɗinkin gida, ya ga kuɗi a ƙasa. Daga nan aka shiga buga fuskokinsu a jaka da kwano da zanin gado. Haja kuwa tana son a raba kasuwa biyu, ta mata daban ta maza daban, domin gidan da ke da mace da namiji ya sayi biyu. Ƙarfin wannan ya fito fili a 2013. Fim ɗin Brave ya fito da Merida, yarinya mai hargitsattsen gashi da kwari da baka wadda ta ƙi auren da aka shirya mata. Da aka zo sa ta cikin jerin kayan sayarwa sai aka sake zana ta, aka matse ƙugu, aka gyara gashi, aka ƙara walƙiya a riga. Mutane sama da dubu 200 suka sa hannu a takardar koke, har matar da ta ƙirƙiro ta, Brenda Chapman, ta fito ta yi tir. Yaro yana kallon fim sau biyu ko uku, amma jakar makaranta kullum tana bayansa.

To shin abin yana tasiri? A nan ya kamata mai gaskiya ya rage murya. Sarah Coyne ta jami'ar Brigham Young ta bi yara 198 'yan ƙasa da shekarun firamare, ta wallafa a 2016 cewa waɗanda suka fi mu'amala da fina-finai da kayan wasan gimbiyoyi sun fi nuna halayen da aka saba danganta wa mata bayan shekara guda. Jaridu suka ɗauka da zafi. Da ta koma kan yaran bayan wasu shekaru, sakamakon da ta fitar a 2021 ya nuna masu son gimbiyoyin sun taso da ra'ayi mai sassauci game da abin da mace za ta iya, kuma ba su cika riƙe cewa namiji ba ya nuna tausayi ba. Bincike ɗaya, mai bincike ɗaya, fuska biyu. Ni abin da na ɗauka daga ciki shi ne katun ba allura ba ce da za a yi wa yaro ya tashi da wani hali. Murya ɗaya ce cikin muryoyin gida da makarantar allo da unguwa da wajen wasa, sai dai ita ba ta gajiya, kuma ita kaɗai ce ke zuwa da kiɗa da launi.

Abin da ya fi tabbata shi ne lokacin da abin ke kama yaro, kuma shi ya sa ake maganar firamare. Tsakanin shekara biyar zuwa bakwai yara kan zama 'yan doka a kan abin da ya dace da mace da abin da ya dace da namiji, sun fi iyayensu tsanani, daga baya su sassauta. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2017 ya gano cewa a shekara biyar, yara mata da maza kowa na ɗauka mai kaifin basira ɗan jinsinsa ne, amma daga shekara shida matan sun fara ja da baya, har suna kauce wa wasan da aka ce na masu ƙwaƙwalwa ne sosai. Haka tsohon gwajin nan na a ce wa yaro ya zana masanin kimiyya: a cikin yara 4,807 da David Chambers ya tattara zanensu tsakanin 1966 da 1977, guda 28 kacal suka zana mace, kuma dukkansu 'yan mata ne. Nazarin da aka yi a 2018 a kan irin wannan gwaji na shekaru da dama ya nuna adadin ya haura zuwa kusan kashi 28 cikin 100, ya kuma nuna 'yan shekara biyar da shida ba su cika fifita namiji ba, sai a bakwai da takwas ne zanen ke karkata. Duk waɗannan yaran Amurka ne da makamantansu, amma shekarun da aka ambata su ne aji ɗaya zuwa uku a ko'ina.

Yanzu ga inda nake ganin malamai da yawa za su yi tuntuɓe. Hanya mafi sauƙi ita ce malama ta tsaya gaban aji ta yanke hukunci: wannan fim yana raina mata, kada ku yarda da shi. Yara za su amsa "To Malama," su rubuta a jarrabawa, su koma gida su ci gaba da kallo, yanzu da ɗan jin kunya a kan abin da suke so. Yarinyar da ke ƙaunar rigar gimbiya ba ta yi laifin komai ba. Abin da ya fi amfani shi ne aikin da Fought da Eisenhauer suka yi, wato ƙirga, kuma ɗan aji uku ya iya ƙirga. A nuna minti biyar na katun, ko a wayar malami ce yara suka kewaye rukuni-rukuni tunda ba kowace makaranta ke da wuta ba. A raba tsakuwa ko 'ya'yan dabino. Duk sanda namiji ya yi magana a jefa ɗaya a wannan gwangwani, mace ta yi a jefa a wancan. Wani rukunin ya ƙirga wa ya ceci wa. Wani ya saurari yabo: in an yabi mace, me aka yaba, in an yabi namiji, me aka yaba? (Masanan biyu sun ƙirga wannan ma: a tsofaffin fina-finan fiye da rabin yabon da aka yi wa mata na kyan sura ne, na iyawa kashi 11 kawai.) In an zazzage gwangwanayen a kan tebur, malami ba ya bukatar wa'azi. Wani lokacin ma ƙirgar za ta wanke fim ɗin, kuma dole a yarda da hakan, in ba haka ba yaran za su gane an riga an rubuta amsa.

Mataki na biyu shi ne wanda ɗan Hausa ya fi ɗan Amurka sa'a a kansa, kuma ban ga ana amfani da shi ba. A sa yaro ya ajiye allon waya kusa da titin unguwarsu. A Cinderella akwai wurin da ɓeraye ke haɗa wa yarinyar riga, wata ɓera ta kori mazan ta ce ɗinki na mata ne. Sai a tambayi ajin: wa ya ɗinka maka kayan sallah? Tela, kuma galibi namiji ne. Wa ke aikin wuyan babbar riga? Wa ke wanki da guga a bakin layi? Wa ke dafa shayi da soya ƙwai a bakin tasha, wa ke gasa tsire? Wa kuma ke riƙe da jarin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da adashi a cikin gida, har maigida ya ranta a wurinta ranar da kasuwa ta ƙi? Ruwan hoda da katun ya keɓe wa mata, ga Alhaji ya sha shadda mai wannan launi ranar Juma'a ba wanda ya ɗaga ido. Ga dattijo da kwalli rangaɗau. Yaron da ya lura cewa abin da wancan fim ya kira aikin mata a garinsu aikin maza ne, ya gano da kansa cewa ƙa'idar mutane ne suka yi ta, kuma kowane gari da tasa. Ba na jin akwai darasin da ya fi wannan a duk maganar.

Amma adalci ya ce a juya madubin gida. Idan an gama da Disney, tatsuniya na jira. Cinderella ba baƙuwa ba ce a wurinmu, 'yar bora ce: uwarta ba ta da fada, kishiya da 'yar mowa sun matsa mata, ta yi haƙuri da ladabi, ƙarshe ta dace. Gizo shi ke yawo da wayo da ɓarna, Ƙoƙi na gida tana jiran abin da zai jawo. Harshenmu ma yana da nasa gashin idon: mace in ta yi bajinta sai a ce ta yi namijin ƙoƙari, ko a kira ta mai kamar maza. Duk da haka tatsuniyar tana da abin da tsohon katun ba shi da shi. 'Yar borar da aka tura wanki Ruwan Bagaja ita kaɗai ta kama hanya, ta gamu da abubuwan al'ajabi, ta iya bakinta, ta dawo da dukiya da ƙafarta. Ba ta kwanta barci tana jiran ɗan sarki ba. Yara za su iya kwatanta su biyun, su kuma yi gardama a kan ko haƙurin 'yar bora ƙarfi ne ko rauni, gardamar da manya ma ba su gama ba.

Wannan ya kawo tarko na gaba. Masana'antar fim ta amsa suka ne ta hanyar miƙa wa yarinya takobi, kuma malami zai iya bin sahu ba tare da ya sani ba, ya nuna cewa mace ta gari ita ce mai faɗa, mai shara da girki kuwa abar tausayi ce. A ajin da yawancin yara uwayensu ke wannan aiki tun asuba, wannan cin fuska ne, kuma ƙarya ne. Matsalar Snow White ba tsintsiya ba ce, matsalar ita ce maza bakwai na gidan ba wanda ya san inda take. Darasin kuma ba na 'yan mata ba ne su kaɗai, ko da yake haka aka fi gabatar da shi. Katun ya matse namiji shi ma: ƙirji kamar ƙofa, matsala duk da naushi ake warware ta, uba a gida sakarai ne da ba ya iya riƙe jariri. Yaron da ya ji tsoro ko ya yi kuka ba ya ganin kansa sai a matsayin abin dariya, ga kuma abin da ke jiransa a filin wasa in ya kuskura ya ce yana son fim ɗin 'yan mata, sunan da za a laƙaba masa kowa ya san shi. Yarinya mai hawa bishiya a ce mata mata-maza a yi dariya a wuce. Na yaron ya fi ciwo kuma ya fi daɗewa.

Sai batun iyaye. Kalmar "jinsi" ta ɗauki kaya a shekarun nan, kuma uban da ya ji an ce ana koya wa ɗansa darasin jinsi da katun ɗin Turawa zai iso makaranta kafin a tashi. Ban ga laifinsa ba, tunda shi ma yana zargin waɗannan fina-finai, ta wata fuskar daban: tufafi, soyayya, raina manya. A gaskiya shi da malamin abu ɗaya suke so, yaron da ba ya haɗiye duk abin da allo ya miƙo masa. Idan an faɗa masa haka, aka kuma tsaya a kan abin da darasin yake, wato wa ke magana, wa ke aiki, wa ake yaba wa da me, to ba a shiga hurumin aƙidar kowa ba. Malami ma yana da madogara a gida. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taya iyalinsa aikin gida. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata. Sarauniya Mangu ta tari sojojin Faransa a Lugu, cikin Nijar ta yau, a 1899. Kuma katun ɗin kansa ba na Turawa ba ne su kaɗai yanzu: Pakistan ta yi Burka Avenger a 2013, malamar makaranta mai kare karatun 'yan mata da littafi da alƙalami, Zambiya ta ba da labarin Supa Team 4 a 2023, a Abuja aka ƙirƙiro Bino and Fino, 'yan'uwa biyu, namiji da mace, masu tambaya. Su ma a sa su a gwangwani a ƙirga, kada a ɗaga musu ƙafa don na gida ne.

Aikin gida da zan fi so a bayar ba ya bukatar waya ko data. Kowane yaro ya je wurin kakarsa ko goggonsa bayan sallar isha'i ya ce, "Kaka, a yi mini tatsuniya," ya riƙe tsakuwarsa a hannu biyu yana ƙirgawa a ɓoye. Washegari ya kawo lissafi, sannan ya sake ba da labarin a gaban aji da sauyi guda ɗaya tak: Ƙoƙi ce ta fita neman abinci, Gizo ya zauna da yara. Ajin zai fashe da dariya, tabbas. Malami ya bari su gama, sannan ya tambaye su daidai wane wuri ne ya ba su dariyar, ya rubuta amsoshin a allo a ƙarƙashin kyanwoyin nan biyu.